Waƙar Ƙarshe ta Fitilar Tasha

Ranar Litinin da hantsi Malam Ɗanliti Mai Rediyo ya faɗo caji ofis babu hula, yana haki, har kofur ɗin da ke kan kanta ya zaci gobara ce ta tashi a Sabo, unguwar Hausawan Ibadan. A bayansa akwai wata mata Bayarabiya da jaka a kafaɗa, idanunta sun yi ja.

Sufeto Manniru ya fito daga ofishinsa. Haifaffen Sabo ne, tun yana ɗan firamare yake wucewa ta gaban shagon dattijon nan, don haka da kansa ya jawo masa benci.

"Baba Ɗanliti, zauna ka huta tukuna. Me ya faru?"

"An yi min sata, Manniru. An sace faifan garmaho."

Kofur ya kawar da kai yana danne dariya. A unguwar da ake sace babur da shanu, yau ga mai kuka a kan faifan garmaho! Matar ta watsa masa wani kallo, dariyar ta koma ciki.

Sunanta Muhibbat, injiniyar sauti ce a wani kamfanin faya-fayai da ke Legas. A Mokola, maƙwabciyar Sabo, ta girma, Hausarta tana fita sarai, sai dai ɗan gargada nan da can. Ita ta yi bayani.

Kafin 'yancin kai an yi wani fim a nan Ibadan mai suna Fitilar Tasha. Fim ɗin kansa ya ruɓe tuntuni, ba mai sake ganinsa. Kaɗe-kaɗensa ne suka tsira, warwatse a hannun mutane. Kamfaninsu ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya wanke sautinsu, zai sake fitar da su. Waƙar ƙarshe ce kawai aka rasa, sai kwanan nan ta ɓulla a cikin akwatin da Ɗanliti ya gada daga mahaifinsa, wanda shi ne mai haska majigi a gidan silimar wancan zamanin.

"Yau na zo da injin da zan kwafe ta," in ji Muhibbat. "Muka buɗe akwati, babu."

"Irinsa nawa ne a duniya?"

"Shi kaɗai ne, Oga. Faifan gwaji ne, ba a taɓa buga shi don sayarwa ba. In ya lalace, waƙar ta tafi ke nan."

Manniru ya ɗauki hularsa.

Shagon Ɗanliti ɗan tsukuku ne, cike da gawarwakin rediyo har rufi. Manniru ya duba kwaɗo, ya duba ƙyaure. Babu alamar ɓalla.

"Da dare ka kulle?"

"Kwaɗo biyu. Makullan suna ƙarƙashin matashina."

"Da rana fa?"

"Ina nan zaune. Ko salla a bakin ƙofa nake yi."

"Har Juma'a?"

Kowa ya san al'adar layin: in za a tafi Juma'a ba mai kulle shago, sanda ake gittawa a ƙofa a tafi. Ɗanliti ya ce ya dawo ya tarar da sandarsa yadda ya bar ta.

Manniru ya buɗe akwatin. Jakar takardar da faifan yake ciki tana nan, an mayar da ita wurinta a natse, shi ya sa ba a lura ba sai yau. Ga amfilifaya sabuwa a kan tebur, ga wayoyin mutane da aka kawo caji, ɓarawon bai kalli ko ɗaya ba.

Ya durƙusa. A kusurwar teburin, daidai tsayin gwiwar hannu, akwai ɗan busasshen jini.

"Ka yanke kwanan nan, Baba?"

"Ni? A'a."

"Wa ya yi waƙar?"

"Ban sani ba," in ji Ɗanliti da sauri, ya hau gyara wata rediyo da ba ta nemi gyara ba. Manniru ya dube shi.

A cikin motar Muhibbat aka ci gaba da tambayoyi, don shagon ba ya ɗaukar mutum uku.

"Wa ya san faifan yana nan?"

Ta dafe goshi. "Rabin Sabo. Laifina ne. Ranar Alhamis na zo dubawa, Baba ya ɗora shi a tsohon garmahonsa. Yana farawa mutane suka taru a ƙofa. Da na ga allurar ƙarfen tana cin faifan sai na ɗage ta da sauri. Ɗan guntun farkon ne kawai na samu a wayata."

"Cin faifan kamar yaya?"

"Irin wannan farantin ƙarfe ne aka shafe shi da baƙin fenti mai kauri, a jikin fentin sautin yake. Ya tsufa, ya fara tsagewa. Zafi yana cutar da shi, amma babban maƙiyinsa ruwa ne. In danshi ya shiga ƙarƙashin fentin, ɓarewa zai yi."

"Wane irin kiɗa ne ake wannan tashin hankalin a kansa?"

Ta danna rediyon motar, ta sa ɗaya daga kaɗe-kaɗen fim ɗin da suka wanke.

Manniru mutum ne da kunnensa bai san komai ba sai labarai da wa'azi da sharhin ƙwallo. Ya gyara zama da niyyar ya ji kaɗan ya ce a kashe. Ganga ce ta fara, can ƙasa, tana taku a hankali. Wani ƙaton gurmin Turawa ya bi bayanta. Sai kakaki suka tashi gaba ɗaya, wajen huɗu ko biyar, suka cika motar, algaitar Turawa ta ratsa ta tsakaninsu tana lanƙwasa, suka ba ta hanya, ta gama suka amshe. Ba wanda ya taka wani. Kai, ikon Allah! Ya duba ƙasa ya ga ƙafarsa tana bugawa ba da izininsa ba.

"Jaz ke nan, irin wanda ake ce wa suwin," in ji Muhibbat. "Da shi ake rawa a otal-otal na lokacin."

"Turawa ne?"

"Ko ɗaya. Mutanen garin nan ne. Yawancinsu tsoffin sojan badujala ne da suka dawo daga yaƙi."

"A nan Mokola?"

"A nan inda muke ajiye da mota, kusan."

Ya leƙa ta taga. Masu keke da 'yan okada suna ta zage-zage, wata mai lemo tana ihu. Ya kasa haɗa wannan titin da abin da yake ji.

Sannan ta kashe, ta ciro waya. Aka ji ƙarar allura, shuuu, kiɗan ya shigo a sanyaye, sai muryar mace, da Hausa tsantsa:

"Jirgin Arewa ya yi kuka, ni ban shirya ba,
Riƙe hannuna, fitilar tasha ba ta mutu ba."

Nan ya yanke.

Tsikar jikin Manniru ta tashi. Muryar yarinya ce, amma tana da nauyi, tana hawa kan kiɗan nan ba tsoro ba gaggawa. Bai taɓa sanin Hausa tana iya zama a kan irin wannan kiɗa ta yi daram haka ba.

"Sake sa shi," ya ce. Ta sake.

"Ya aka yi kuka san yana wajen Baba Ɗanliti?"

"Mun yi cigiya a rediyo. Wata tsohuwa ta bugo waya, da Yarabanci irin na Hausawa, ta ce a je shagon mai rediyo a Sabo. Ta ƙi faɗin suna."

"A cikin waɗanda suka taru, wa ya fi zaƙewa?"

"Wani Gali. Ya bi ni har mota yana tambayar nawa Turawa ke sayen irinsa."

Gali dillalin tsoffin kaya ne, yana da rumfa a gefen titin Mokola: agogunan da suka tsaya, kwabban da, butocin tagulla. In ya ga baƙo daga Legas, kowace buta sai ta zama ta wani sarki. Yana hango Sufeto ya miƙe yana washe baki, gwiwar hannunsa ta dama ɗaure da bandeji.

"Oga Sufeto! Welkom sa. Agogo kake so? Na fo yu, rabin kuɗi."

"Me ya sami hannunka?"

"Okada ne, Oga. Yaran nan ba su iya tuƙi ba."

"Yaushe?"

"Juma'a."

"Ina ka yi sallar Juma'a?"

"Babban masallaci mana. Sahu na biyu."

"A kan me liman ya yi huɗuba?"

Gali ya dubi sama. "Tsoron Allah."

"Madalla. To akwai jini a teburin Baba Ɗanliti. Mu je asibiti a ɗebi naka a gwada, in ba naka ba ne ni zan saya maka maltina."

Murmushin ya gudu. Gali ya zauna daɓas a kan wani akwati.

"Abeg, Oga. Na shiga. Wallahi na shiga, kuma da niyyar ɗauka na shiga, ba zan ɓoye maka ba. Amma na tarar an riga ni! Jakar takarda wayam. Ina juyowa na taka wani abu, santsi ya kwashe ni, na haɗu da tebur."

"Me ka taka?"

"Ganye. Jiƙaƙƙe sharkaf. Ya manne min a takalmi har nan."

Ya laluba bayan rumfa ya ɗauko takalmin. A tsagar dunduniyarsa akwai sauran ganyen, ya bushe ya yi ruwan ƙasa. Manniru ya ɓanɓaro shi, ya murza, ya sansana. Duk wanda ya tashi a Sabo ba sai an faɗa masa ba. Ganyen fita ne, wanda ake naɗe goro da shi a cikin huhu.

Ya tuna abin da Muhibbat ta faɗa a kan ruwa. Jiƙaƙƙen ganye, kuma tun Juma'a.

"Kada ka bar gari," ya ce wa Gali. Ya fita da sauri har yana ture butar wani sarki.

Ya tarar da Ɗanliti inda ya bar shi. Wannan karon bai tsaya dogon gaisuwa ba.

"Baba, ɗazu ka yi min ƙarya, na ƙyale ka don girmanka. Yanzu babu lokaci. Mai goro ne ya ɗauki faifan nan, kuma 'yan goro a Sabo sun fi ɗari. Ba don kuɗi ya ɗauka ba. Wace ce ta yi waƙar?"

"Na yi alkawari, Manniru."

"In ka riƙe alkawarin, faifan zai mutu. Zaɓi."

Dattijon ya share fuska da tafin hannu. Ya leƙa waje, ya dawo, ya rage murya.

"Hajiya Ramlat."

Manniru ya ɗauka bai ji daidai ba. "Wace Hajiya Ramlat?"

"Guda nawa ka sani?"

Sai da ya dafa bango. Hajiya Ramlat, malamar matan Sabo! Matar da ta koya wa mahaifiyarsa karatu, wadda in ta fito da sandarta 'yan okada ke kashe inji har ta wuce, wadda bai taɓa jin ta ɗaga murya ba sai a karatun Alƙur'ani. Ita ce yarinyar nan mai jiran jirgi. Ya ji kamar an buɗe wata ƙofa a bangon da ya saba jingina da shi tun yana yaro.

Ɗanta kuwa ɗaya ne tal: Alhaji Suhaibu, ɗaya daga cikin manyan 'yan goron unguwar.

A hanya ya tsaya wajen ladan ya yi masa tambaya guda, sannan ya kira Muhibbat da kofur su same shi.

Siton Alhaji Suhaibu a jikin gidansu yake, ɗaki mai sanyi da duhu, huhunan goro jere har rufi. Dattijo ne mai furfura da kamala, ya haura sittin. Ya karɓe su da fara'a, ya sa aka shimfiɗa darduma.

"Sufeto, yau kai ne a wajenmu? Bismillah."

"Ranka ya daɗe, aiki ne ya kawo ni. Ka ji satar da aka yi wa Baba Ɗanliti?"

"Na ji ana faɗa. Allah ya tona asiri."

"Ranar Alhamis kana wajen da aka sa faifan?"

"Ni da kiɗa? Haba Sufeto."

"Juma'a fa, ina ka yi salla?"

"Inda na saba. Sahun gaba, dama da liman."

"Ladan ya ce wurinka wani baƙo ne ya zauna. Har ya yi niyyar zuwa duba ka ko ba ka da lafiya."

Alhaji ya ja carbi. "Ciki ne ya ɗan dame ni. Na manta."

Manniru bai matsa ba. Idonsa yana yawo a ɗakin. Huhun goro ƙato ne, mai tumbi, sai ƙarti biyu suke ɗaga shi. Amma can saman wani kanta, nesa da sauran, akwai wani ɗan ƙaramin huhu, shafaffe, faɗinsa bai wuce faranti ba. An ɗaure shi da sabuwar igiya, ɗauri mai kyau irin na gwanaye. Buhun jikinsa ya yi duhu da danshi, kuma a gefensa ga buta.

"Wannan fa? Wane irin goro ne shafaffe haka?"

Alhaji ya ci gaba da jan carbi.

"Alhaji, yaranka ne ke yayyafa wa huhu ruwa. Me buta take yi a nan sama?"

Carbin ya tsaya. Alhaji Suhaibu ya dubi ƙofa, ya dubi kofur, ya dubi Muhibbat. Sannan ya sauke numfashi, kafaɗunsa suka zube.

"A rufe ƙofar nan," ya ce. "Ni na ɗauka."

Kofur ya tura ƙyauren.

"Ina wucewa ranar Alhamis na ji ta. Ko kalma uku ba ta yi ba na gane. Da waƙar nan aka goya ni, Sufeto. Ina ɗauka waƙar reno ce ta tsofaffi. Ashe waƙar otal ce, da kakaki da 'yan rawa." Ya girgiza kai. "Matar da rabin matan Sabo suka koyi Fatiha a bakinta. A ce gobe yara suna yawo da ita a waya, ana nuna gidanmu? Ta kusa casa'in. A bar ta ta cika da mutuncinta mana!"

"Sai ka bari aka tafi masallaci."

"Na ɗage sandar, na shiga, na mayar. A rayuwata ban taɓa ɗaukar allurar wani ba." Ya share ido. "Na kawo shi nan da niyyar fasawa. Na ɗaga guduma. Hannuna ya ƙi. Muryar uwata ce, ta yaya zan sa mata guduma?"

"Amma ai tun a shagon ka naɗe shi."

"Da ganyena na je. Na ga takardar da suka sa shi a ciki, busasshiya, duk ƙura. Ko da zan fasa shi, ba zan ɗauko shi a wulaƙance ba." Ya miƙe, har da ɗan alfahari a fuskarsa. "Ki kwantar da hankalinki, 'yata, babu abin da ya same shi. Ganye na zaɓa masa mafi kyau. Safe da yamma da hannuna nake yayyafa masa ruwa, ban bar shi ya bushe ba ko sau ɗaya. Goron da ya fi wannan laushi na ajiye shekara bai yi komai ba."

Muhibbat ta toshe baki da hannu biyu.

Ya sauko da huhun a hankali, ya ɗora a darduma, ya warware igiyar. Ya buɗe buhun. Ya ɗaga ganye na farko, na biyu, na uku.

Na ƙarshen ya taso da baƙin fentin manne a jikinsa.

Abin da ya rage a ƙasa farin faranti ne na ƙarfe, tsirara, sai ɓaraguzan baƙi da suka nannaɗe kamar ƙanzo. Muhibbat ta durƙusa, ta kai yatsa kusa da ɗaya, ta janye. Hawaye kawai take yi.

"Mene ne?" in ji Alhaji. "Ba a mayar da shi? A manna mana. Ko nawa ne zan biya."

Wallahi da ya bar faifan a cikin ƙurar da ya raina, da yanzu yana nan.

Sai aka ji ƙwanƙwasar sanda a ƙofar da ke ɓullowa daga cikin gida. Hajiya Ramlat ta shigo, 'yar ƙaramar tsohuwa cikin farin mayafi, idanunta sun yi hazo, tana laluben hanya. Duk suka zube ƙasa, har kofur.

"Na ji muryar 'yan sanda a gidana. Wane ne?"

"Manniru ne, Hajiya. Ɗan Zulaihat."

"Ɗan Zulai. Me Suhaibu ya yi?"

Manniru ya rasa ta inda zai fara. Yana kallonta yana jin muryar nan ta cikin waya, ya kasa ɗaga ido sosai. Alhaji ne ya rarrafa ya kama ƙafarta, ya faɗa mata komai da bakinsa.

Ta saurara har ya gama. Ta ce a miƙo mata. Aka ɗora farantin a cinyarta, ta shafa shi da yatsu tun daga baki har tsakiya, tana neman layukan. Babu.

"Ni na buga wa masu cigiyar waya," ta ce.

Alhaji ya ɗago. "Ke, Inna?"

"Ni. Da Ɗanliti ya ce min ya ga faifan a kayan ubansa, kwana na yi ban runtsa ba. Na ɗauka ya ɓace tun kafin a yaye ka." Ta juya fuska wajensa. "Kana tsoron a ce na yi waƙa? Na yi. Ina da ƙuruciya, ina da murya, mijina yana tsaye a bayana. Na daina don kaina, na kama karatu don kaina. Tsakanina da Ubangijina ne, ba tsakanina da 'yan layin goro ba."

"Mijinki?"

"Ubanka Aminullahi. Na ce maka tsohon soja ne, ban yi maka ƙarya ba. Ban dai faɗa maka abin da yake busawa ba. Babban kakakin da ke cikin faifan nan nasa ne."

Duk Sabo an san mahaifin Alhaji Suhaibu ya rasu tun yana ciki, mijin uwarsa na biyu ne ya raine shi ya koya masa goro. Ko hoton uban babu.

"Ba don waƙata na kira su ba," in ji tsohuwar. "Waƙata tana maƙoshina, in ina so yanzu sai in yi. Ranar da aka ɗauka, ina da cikinka wata bakwai. Na ja baitin ƙarshe da ƙarfi, muka gama, mai inji ya manta bai kashe ba. Ubanka ya sauke kakaki ya yi dariya, ya yi magana. Ta shiga faifan. Da aka sa mana muka ji, kowa ya yi ta dariya. Bai ƙara wata biyu a duniya ba."

Ta sake juyowa wajen ɗanta.

"So na yi in sun kwafe shi, in zaunar da kai in sa maka. Ka ji muryar ubanka sau ɗaya."

"Me ya ce?" Da ƙyar maganar ta fita. "Inna, me ya ce?"

"Cewa ya yi, 'Ramlatu, a hankali, kada ki tashe min yaro.'" Ta ajiye farantin a gefe. "Maganar na riƙe maka ita. Muryar ce ba ni da yadda zan ba ka."

Dattijo mai furfura ya kifa kai a kan darduma yana kuka kamar yaro. Uwar ta laluba ta dafa kansa, ta bar hannun a nan.

Manniru ya fita ƙofa ya tsaya, don shi ma idonsa ya cika, kuma bai ga dalilin da kofur zai gani ba. Ya daɗe a aikin nan, ya kama ɓarayi iri-iri, bai taɓa kama wanda ya yi wa kansa sata irin wannan ba.

Da ya dawo, Muhibbat tana tattara ganyen da ɓaraguzan a cikin kwali, ɗaya bayan ɗaya. Shaida ce yanzu.

"Alhaji," in ji Manniru a hankali, "sai mun je ofis ka ba da bayani. An riga an shigar da ƙara."

Kofur ya ciro ankwa. Manniru ya girgiza masa kai, ya mayar.

Alhaji Suhaibu ya miƙe, ya gyara hula. A bakin ƙofa ya tsaya gaban Muhibbat ya dubi kwalin.

"'Yata, ko ƙarshen kawai? Ko kalma ɗaya?"

Ta girgiza kai.

'Yan layin goro sun fito sun yi cirko-cirko. Ya ratsa su kansa a ƙasa, ya shiga bayan mota, kofur ya zauna kusa da shi. Manniru ya tayar da mota.

Sun kusa shataletalen Mokola ya ji motsin magana a baya. Ya duba madubi. Alhaji ne, idonsa a rufe, yana maimaitawa can ƙasan maƙoshi: "Kada ki tashe min yaro." Ya faɗa da murya mai kauri, ya tsaya. Ya sake faɗa da siririya, ya girgiza kai. Ya sake gwada wata.

Har suka isa caji ofis bai daina ba.